Turai Ta Kasa Awon Magani

Turai ta Zandam ta shekara arba'in tana sayar da man gyaɗa, ba a taɓa ganin ɗigo ya sauka a bayan kwalbarta ba. Miji ya rasu, Kano ta kwashe 'ya'ya, aka bar ta da rediyo, shi kuwa sarkin surutu ne amma ba ya sauraren kowa.

Da aka kawo mata jikarta Nasiha hutu, ciwon haƙarƙari ya kama yarinyar, aka ba su gado a asibiti a Birnin Kudu. Sati uku Turai tana jinya, har ƙiba ta yi. Ga mata 'yan jinya a tabarma ana ci kwano ɗaya ana tsiya, ga yarinya da ba ta karɓar loma sai daga hannunta.

Ranar Litinin nas Ikilima ta ce sallama ta zo, amma ba za a sa hannu ba sai mai jinya ta iya awon magani a sirinji. Uban yarinyar, Abdulnasir direba, ya faɗa a waya cewa in ta shanye maganin kwana biyar a Zandam zai zo ya mayar da ita Kano.

Nan fa awo ya gagari Turai. Litinin ta zarce layin sirinjin. Talata ba ta kai ba, wai ido ya tsufa. Laraba Ikilima ta ja kujera ta zauna kusa da ita.

"Inna, ɗazu na ga kin raba koko kofi huɗu, babu wanda ya fi wani. Ga jaririya can a baranda, tun jiya uwarta ke jiran gadon nan."

"Ke 'yar nan, sa ido aka koya miki ko aikin asibiti?"

Turai ta leƙa barandar ta daɗe. Da ta dawo ta zuƙi maganin ya tsaya cak a kan layi, ta kuma jero alamomin da aka ce za su sa a dawo da yarinya asibiti, ba ta tsallake ko ɗaya ba.

Abdulnasir bai ƙara kwana ba a kan biyar ɗin, ya zo ya tafi da 'yarsa. Washegari Turai ta tuƙa tuwon mutum biyu, sai da ta kwashe ta tuna.