Ɗaurin kallabin mai tuwon Gure

Mun tashi da asuba daga Damagaram, ni da abokin aikina, ko shayi ban tsaya sha ba. Sana'ata zanen hotunan sanarwa a na'ura. Wasu 'yan uwa ne suka roƙe ni in yi musu hoton da za a yaɗa a waya, mai cewa a daina duka da korar waɗanda aka raɗa wa sunan maza amma suke rayuwar mata. Na yi zanen daga hoton wata mai tuwo a Gure. Mutane na ce mata ɗan daudu, ita kuwa "ita" take so a ce, haka nake ce mata.

Na yi iya dabarata. Na shafe fuskar gaba ɗaya, na bar inuwar kai da kafaɗa, na shimfiɗa shuɗi mai haske da ruwan hoda da fari a baya. An shirya wani abokinmu zai saki hoton da azahar. Ni dai hankalina ba zai kwanta ba sai ta gani, wayarta kuwa 'yar ƙarama ce, ba ta buɗe hoto. Dalilin tafiyar ke nan.

Motar ta cika maƙil, mu huɗu a kujerar mutum uku, ga akuya a baya tana ba da nata ra'ayi. A Gidimuni aka tsaya, kowa ya sayi rake da dabino, arha kamar kyauta. Na kasa ci. Sai ciro waya nake ina duba zanen, ina mayarwa.

Bayan mun tashi, wata hajiya 'yar kasuwa da ke gefena ta leƙo.

"A'a! Wannan ai mai tuwon bakin tasha ce. Ɗana, ina ka san ta?"

"Hajiya, ai babu fuska," na ce.

"Fuskar me? Duk Gure wa ke karya kallabi gefen hagu da kunne biyu in ba ita ba?"

Na sake duban zanen. Kwana uku ina gyara launi, ban taɓa kallon ɗaurin nan a matsayin suna ba. In hoton ya fita, kafin magariba mai gidan da take haya ya gani, masu cin tuwonta sun gani. Na danna kiran abokinmu, babu rezo, wato sabis ɗin waya. Na ɗaga waya ta taga kamar mai roƙon ruwa, har direba ya tambaya ko lafiya. Sai a Gidigir kiran ya shiga. Na ce kar ya saki komai, na maimaita sau uku, har ya ji haushi.

Mun iso Gure rana ta take. Mun same ta tana kwashe tuwon gero, ta zuba mana da miyar kuka kafin mu buɗe baki. Na nuna mata, na faɗi abin da hajiya ta ce, ban rage komai ba. Ta daɗe tana kallo.

"Launin ya yi kyau, kamar kayan suna," ta ce. "Amma ƙanena, ka ɓoye abin da ba a kallo, ka bar abin da ake kallo. Zana hannu yana miƙa kwano. Hannu kowa na da shi."

Na ji kunya ƙwarai, ga tuwonta a cikina.

Da la'asar muka kamo hanyar gida, na fara zanen hannun a kan gwiwata, mota na girgiza. Tafiyar ta koya mini cewa a ƙaramin gari ba da fuska kaɗai ake gane mutum ba, kuma duk wanda zan zana, shi zai fara gani. Hoton farko bai taɓa fita ba. Amma da muka zo yi mata sallama, na tarar ta kwance kallabin ta ɗaura shi irin na kowa, abin da har yau yake damuna.