Ƙahon da aka yi wa mijina yana shan maganin tsinka jini

Assalamu alaikum, Edita. Ni haifaffiyar Baure ce, aure ya kawo ni cikin garin Daura, gidan mahauta. Lokacin da abin nan ya faru, a shekarun da aka fara Shari'a, 'ya'yana duk ƙanana ne, karatuna kuwa bai wuce firamare ba. Tun ina budurwa aka san ni da waswasi. Nakan maimaita alwala, nakan dawo daga bakin ƙofa in duba ko na kashe wutar murhu. Dangin mijina sun mai da wannan abin dariya. Duk abin da na faɗa sai su ce ai halinta ne, a ƙyale ta. Wannan rainin ne ya kusa cin ran uban 'ya'yana, kuma har yau in na tuna sai zuciyata ta yi baƙi.

Mijina mahauci ne, a Mai'adua yake sayo dabbobi. Yana son kayan ciki, hanta da ƙoda da tumbi, ga taba sigari tun yana saurayi. Ciwo ya fara masa a babban ɗan yatsan ƙafa, ya kumbura ya yi ja, ko mayafi ne ya taɓa wurin sai ya yi ƙara. Mu muna cewa sanyin ƙashi ne, a asibiti suka ce wani gishiri ne ke taruwa a gaɓa, kuma irin naman da yake ci yana ƙara shi. Da ya daɗe a kwance sai ƙafar ta kumbura har cinya. Aka kwantar da shi, aka ce jini ne ya daskare a jijiya, in ya ɓalle ya tafi huhu yana iya kashe shi.

Ranar sallama wata nas dattijuwa mai faɗa ta kira ni gefe, don ta lura shi ba ya saurare. Ta nuna mini ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Na gaɓa kullum ake sha, ko ciwo ya lafa, da ruwa mai yawa. Akwai na ranar da ciwon ya tashi, in aka wuce ƙa'ida zawo yake sa wa. Ta ba shi wani cingam na barin taba, ta ce a ɗan tauna a ajiye a kumatu, kuma kada ya haɗa shi da sigari. Amma wanda ta fi jan kunnena a kansa shi ne wafarin, maganin tsinka jini. Ta ce mu riƙa dawowa awon jini, kada in cika masa kwaɗon zogale yau gobe in hana shi, don ganye yana sauya ƙarfin maganin, kada ya sha ƙwayar ciwon jiki ta kemis. Sai ta riƙe hannuna ta ce, "Baiwar Allah, kada aska ta taɓa shi. Ban da ƙaho, ban da tsaga. In aka yanke shi jinin ba zai tsaya ba."

Na dawo gida da wannan magana kamar na ɗauko garwashi a tafin hannu. Kullum ina leƙa dasashinsa in ya yi asuwaki, ina tambayarsa ko bayan gidansa ya yi baƙi. Shi kuma rashin taba ya sa ya zama wani iri, abu kaɗan sai tsawa. Ya ce na mai da shi jariri, ya ce bai auro nas ba. Na haɗiye duka.

Ana gab da bazara ƙafar ta sake tashi. A gidansu al'ada ce kowace shekara kafin zafi wanzamin gidan ya zo ya yi wa maza ƙaho, tun zamanin kakansu. A lokacin kuma shagunan maganin Musulunci sun cika gari, kowa yana maganar hijama, wato ƙaho irin na sunna. Wan mijina, wanda muke ce wa Yaya, shi ne babba a gidan. Ya zo duba shi, ya ga ƙafar, ya ce mataccen jini ne, ƙaho ne maganinsa, gobe da safe zai zo da wanzami. Ina bayan labule na ji. Na fito na durƙusa na ce, Yaya, a yi haƙuri, a asibiti an hana, in aka yanke shi jini zai yi ta zuba. Ya dube ni kamar ya ga kashin kaza a tabarma. Ya tambaye ni ko ni da nas ɗin tawa mun fi sunna ne. Ya ce ƙauyanci da rabin boko sun haɗu mini, yanzu har ina yi wa ƙanensa fatan zubar jini da bakina. Surukata tana tsakar gida ta karɓe, ta ce tun kafin a haife ni ake yi wa 'ya'yanta ƙaho, ba wanda ya mutu. Na juya wajen mijina ina jiran ya ce shi ma ya ji abin da nas ta faɗa. Ciwo ya gigita shi, ga ƙaiƙayin taba. Ya ce in na ƙara magana in haɗa kayana in koma Baure.

Abin da ya fi ɗaure ni shi ne maganar sunnar nan. Na yini ina istigfari, ina tunanin ko na yi saɓo da na ce kada a yi. Da safe wanzami ya zo da zabirarsa, suka zauna a zaure. Ina jin muryarsa, ina jin yana wasa aska. Tsakanina da shi katanga ɗaya ce. Amma matar gida ba ta shiga zaure maza na zaune, balle gaban wan miji. Na je bakin ƙofar na dawo, na sake zuwa na dawo, kamar yadda nake yi wa murhu. Ban shiga ba.

Aka kafa masa ƙaho a idon sawu da sharaɓa da bayan wuya. Daga baya wanzamin ya faɗa wa mutane cewa tun tsagar farko ya sha jinin jikinsa, don jinin ƙaho gudaji yake fitowa, wannan kuwa tsararo ne kamar ruwan zoɓo. Aka cire ƙahon, jini bai tsaya ba. Suka danna tsumma, ya jiƙe. Suka aiko a ba su toka, suka shafa, ta bi jinin ta gangara. Yaya yana ta cewa ai mugun jinin ne ke fita, a bar shi ya fita. Har hantsi ya ɗaga suna abu ɗaya. Da na ji wanzami ya fara salati sai na yar da kunya na faɗa zauren ba ko mayafi. Tabarma ta rine, mijina ya jingina da bango, leɓensa ya yi fari, yana cewa jiri yake gani. Na ce wa wanzamin maganin tsinka jini yake sha. Tsohon ya saki aska, ya dubi Yaya ya ce, "Alhaji, kun san haka kuka bar ni na tsaga shi? Da an gaya mini, wallahi ko zabira ba zan kwance ba."

Wani maƙwabci ne ya kai mu asibiti a motarsa. Aka yi masa allurar da ke karya ƙarfin maganin, aka ɗaure wuraren, aka ƙara masa jini. A nan mijina ya amsa cewa Yaya yana kawo masa ƙwayar ciwon jiki daga kemis, yana sha a ɓoye don kada in gani. Nas ɗin nan ta gane ni. A gaban mutane ta wanke ni tas, ta ce ba ni ta riƙe wa hannu ba? Yaya yana tsaye a gefe, ya bar ni na sha faɗan ni kaɗai.

Allah ya tashi kafaɗar mijina. Na ɗauka a ƙalla wani zai ce ashe gaskiya na faɗa. Sai ga magana ta zaga dangi cewa bakina ne ya kama shi. Na ce jini zai zuba, jini ya zuba, don haka mugun baki gare ni. Aka daina ba ni jarirai in ɗauka a gidan suna. Yaya har yau ba ya amsa gaisuwata, ni ma gaskiya ba na yi da zuciya ɗaya. Na yi ƙoƙarin yafe masa, abin ya ƙi. Na tambayi malaminmu na Islamiyya ko na yi laifi da na ce kada a yi ƙaho, ya ce addini bai ce mai lalura ya cuci kansa ba. Mijina ya bar taba, yana shan maganinsa. Bai taɓa ba ni haƙuri da baki ba, amma in wanzami ya zo gidan kafin bazara, ficewa yake yi ya tafi mahauta.

Abin da na koya shi ne, na kai maganata wajen masu raina ni, na bar mai riƙe da askar, wanda shi kaɗai zai ji. 'Yan'uwana mata, in naku yana shan maganin tsinka jini, ku faɗa wa wanzami, ku faɗa wa mai kemis, ku faɗa wa mai cire haƙori, da bakinku, ko da a zaure ne, ko wa ke zaune. Za a zage ku, ni ma an zage ni. Amma na gwammace a ci gaba da ce mini mai mugun baki, ina zuba wa mijina tuwo yana ci.

Wassalam, daga wata 'yar'uwarku a Daura.