Ƙwaryar Kindirmon Inna

Da aka zo rabon kayan Inna bayan rasuwarta, 'yan'uwana suka yi kan atamfofi da kwanukan samira, ni kuwa na rungumo ƙwaryar kindirmo. Har dariya suka yi mini. Tsohuwar ƙwarya ce mai ɗinki a gefe, amma tun ina yarinya a Unguwar Shanu ban taɓa ganin ta babu nono ba. Inna takan tafasa madarar da Fulanin Rigachikun ke kawowa, ta bari ta huce, ta juye a ciki, ta zuba ludayi guda na nonon jiya, ta rufe da faifai. Kafin gari ya waye ya kama. Na jiya shi ne irin da ake haɗa na yau da shi, kuma ko a zafin bazara ba ya saurin lalacewa. 'Yata da ke jami'a ta ce wasu ƙwayoyin halitta ne ke kawo tsamin, kuma suna fitar da abin da ke kashe masu ruɓar da abinci. Na ce ashe sojoji Inna take kiwo ba mu sani ba. Ni dai a wurina, muddin irin da ta bari a ƙwaryar bai yanke ba, hannun Inna na cikin gidana.

Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, irin mutanen nan da ko takalmi suka cire sai sun daidaita masa zama. Na tafi biki Zariya na bar masa gida. Bawan Allah ya shiga kicin, ya ɗaga faifai, ya ji tsami, ya yanke hukunci. Ya zubar, ya dirje ƙwaryar da soso da sabulu, ya shanya ta a rana. Da na dawo, da fara'arsa ya nuna mini, yana jiran sannu da aiki.

Na zauna a bakin kicin na yi kukan da ban samu yi ba ranar jana'iza.

Da ya gane ɓarnar, sai ya ce zai sayo yogot a shago mu ɗora. Kallon da na yi masa ya sa ya ɗauki hula da kofi ya fita. Daga baya na ji labari: gida-gida ya bi tsohon layinmu cikin babbar riga, yana sallama yana tambaya ko akwai wadda ta taɓa karɓar iri wurin surukarsa. Mata na leƙe suna dariya. Aka yi ta tura shi har Rafin Guza, gidan wata ƙawar Inna da muke kira Goggo. Ita kuwa ta ce ba za ta ba namiji ba, zubarwa zai yi a hanya. Ta yafa mayafi ta shige motarsa da kofin a cinya.

Ta same ni ido a kumbure. Na karɓa da hannu biyu, na ce, "Goggo, da gaske na Inna ne?"

"Allah ya shirye ki," in ji ta. "Sau nawa na uwarki yana mutuwa? Ta yi tafiya ya mutu, ta yi zazzaɓi ya mutu. Ta aiko in ba ta, nawa ya mutu in aika ta ba ni. Tun muna amare haka muke, har ban san na waye ba." Ta share ido da gefen mayafi. "Tunda ta tafi, ba wanda ya sake zo mini da kofi sai mijin nan naki."

Daga ranar, ko nawa bai mutu ba, nakan ɗauki kofi in tafi Rafin Guza.