Ranar da na murɗe hannun kakana

Shekarun baya, ina aji ɗaya a sakandare, na kalli bidiyo uku a wayar yayata kan yadda ake murɗe hannun mai neman faɗa, sai na naɗa kaina gwani. Duk garinmu Gwadangaji babu yaron da ban gwada a kansa ba. Ranar da na gwada a kan yayata kuwa, kwana biyu na yi ina cin tuwo da cokali.

Da hutun damina muka je Argungu. Kakana tsohon masunci ne, amma tsufa ya fara rikita masa tunani. Wata safiya ya saɓi homar kamun kifi da gora, wai zai shiga ruwa, alhali gulbi ya cika ya batse. Kakata ta tare ƙofa, ya ture ta sai da ta dafa bango. Na ce yau ga ranar ilimina. Na daka tsalle na cafke hannunsa, na murɗa baya. Ƙarar da ya yi har yau tana kunnena.

Kawuna, wanda ma'aikacin jinya ne, ya fito a guje. "Kai, wanga yaro! Sake mai! Ƙashin tsoho na, ba rake ba."

Ya tsaya a gefen kakana, ya riƙe masa wuyan hannu, ya tallafi gwiwar hannun ya manna ta da jikinsa.

"Baba, ina za mu?"

"Gulbi!"

"To mu tai tare."

Ya yafito ni na kama ɗaya hannun. "Kar ka matse. In ya ja, bi shi."

Sau uku muka zagaya tsakar gida, kakana yana fizga yana faɗa, har ya gaji muka zaunar da shi a tabarma. Ya dube ni yana murza kafaɗa. "Ɗan wa ne wanga mai hannun ƙarfe?"

Kakata ta ce, "Sabon angona ne, tunda kai ture ni ka iya."

Ya yi dariya. Ni kuwa na shige bayan rumbu na yi kukana.

Duk bidiyon nan babu wanda ya nuna mini yadda ake riƙe mutumin da ba a so a ji wa ciwo.

Bai shiga gulbi ba ranar. Har hutu ya ƙare ni ke raka shi masallaci, gwiwar hannunsa a tafina. Ya rasu da ranin da ya biyo baya, a kan gadonsa.