Guntun Takobin Iya Dije

A shekarun da gwamnatin Birtaniya ta tsuke bakin aljihu, saura ƙiris aurena ya karye gida biyu. Abin da ya tare shi kuwa wani guntun ƙarfe ne da na baro a Funtuwa tun ina yaro.

Kakarmu Iya Dije ba ta tatsuniya hannu banza. Da an sauke tuwo, garwashi na ja a murhu, sai ta jawo guntun takobin sojan Japan da kakanmu ya dawo da shi daga yaƙin Bama. Shi yana cewa a fagen fama ya karye. Ita ta ce kwaɗon akwati ya so ɓallewa da shi. Ni kuma ban iya zama ba, in tashi, in tsokani wuta, in taka ƙafar wani.

"Maigida, kiyashi ne a wandon?" in ji ta. "Zauna. Ga ta nan, kuma ba na maimaitawa."

Wai wani sarkin Japan ne ya sa maƙeri aikin takobi. Ya ƙera na ƙarfe mai tauri, kaifi har yana aske inuwar mutum. Sara ɗaya, ya tarwatse kamar kwalba. Ya ƙera na mai laushi, wannan bai karye ba, sai ya lanƙwashe ya koma lauje. Sarki ya ce saura dama ɗaya. Maƙeri ya ɗauki mai taurin, ya buga ya ninke, ya buga ya ninke, har dattinsa ya fita. Ya buɗe shi kamar ɓawon gyaɗa, ya cusa mai laushin a ciki, ya mayar wuta, ya yi ta duka sai da suka zama jiki ɗaya. Ya shafa laka, da kauri a baya, sama-sama a baki, sannan ya tsoma a ruwa. Baki ya yi tauri, ciki ya riƙe laushinsa.

A nan Iya take juya karayar ta fuskanci wuta. Sai ka ga waje yana ƙyalli, tsakiya ta ɗan yi duhu.

"Na wajen ake yabo," in ji ta. "Na cikin ke shanye duka."

"To me ya sa wannan ya karye?"

"Kakanka ya banƙare shi ta gefe. Na cikin ma yana da iyaka."

Na girma, na zo Manchester. Da hukumar birnin ta rufe gidan matasan da nake aiki, sai na samu gadi a Birmingham, na kama ɗaki a Lozells. Matata Binta da yara uku suka zauna a unguwar Whalley Range, can Manchester. Na zama ɗan hanya. Kujerar bas ta san bayana fiye da katifata. Duk Juma'a in shigo da barkwanci buhu guda, yara su yi ta tsalle, Lahadi in sulale. Makaranta, ganin likita, zazzaɓi, aikinta na kula da tsofaffi, duk Binta.

Wata Juma'a da yamma muna zagaye da heater, na ba yara labarin Iya, har da ƙarin gishiri. Babbarsu Nana ta duba waya ta ce ashe gaskiya ne, haka maƙeran Japan ke yi. Sannan ta ce, "So who's the soft one, Daddy?"

Na buɗe baki zan yi raha. Binta tana gugar uniform, ba ta ɗago ba.

"Baban Nana, na kai maƙura. Ko ku dawo, ko ku kwashe mu, ko in koma gidanmu in huta."

Ba ta ɗaga murya ba. Wannan ne ya tsorata ni. Na tashi, na zauna, na sake tashi, kamar a gaban murhu, sai dai babu mai ce mini zauna.

Kafin hutun yara ya ƙare mun tare a unguwar Balsall Heath ta Birmingham, a wani flat da in na yi atishawa maƙwabci ke amsawa. Har yau in muka shiga taro ni ake jin baki, ni ake yabo. Amma yanzu in na ji Binta ta yi shiru da yawa, nakan ajiye barkwancin in je in karɓi gugar.