Gwaten Bayan Masaƙa

Kwana tara Baba ya yi bai ci abin kirki ba bayan an sallamo shi daga asibiti. Shayi kurɓi biyu, sai ya kau da kai. Da muka koma asibiti, likita ya faɗa mini a gabansa, ba ɓoye-ɓoye: in Litinin ta yi bai fara cin abinci ba, za a mayar da shi gado a zura masa roba ta hanci. Muna fitowa Baba ya riƙe mini hannu ya ce, "Kada ki bari su yi mini wannan." Na ce to. Bakina ne kawai ya faɗa, ban san ta inda zan cika ba.

Ni ce babbar 'yarsa, kuma tun rasuwar mahaifiyarmu ni ke masa girki a gidanmu na Trikania, nan Kaduna. Ba yabon kai ba, hannuna ba ya kunyata ni. Amma tuwon shinkafa, dambu, farfesun kaza, duk na jera masa, ya kalla ya ce Allah ya yi albarka, a ɗauke. Tsoro ya hana ni sukuni. Ko ina salla hankalina na kan kwanon da na bari a gabansa.

Ranar Juma'a da hantsi ya ce, "Gwate nake sha'awa." Ban tsaya jin sauran ba, na faɗa kicin na yi faten tsaki da yakuwa, na kawo yana tururi. Ya sunsuna ya ture.

"Wannan ai fate ne. Gwate na ce."

Ni a sanina duk abu ɗaya ne. Ashe gwaten acca yake nufi, na wata mata 'yar kudancin Kaduna da take sayarwa a bayan masaƙa lokacin yana aiki a Kakuri. Na tambayi sunanta. Ya ce Mama suke ce mata. Raina ya ɓaci, na fita tsakar gida na yi ta mita ni kaɗai. Masaƙar da ta daɗe a rufe, matar da ba suna, a ina zan fara?

Asabar da safe na ɗauki kula na hau keke napep zuwa Makera, unguwar da ke kusa da masaƙar. Wanda bai san unguwar ba zai rantse ba a sayar da abinci a cikinta, don masu abincin gaske ba sa kafa allo. Hanci ne ke kai mutum. Akwai mai waina a gefen famfon burtsatse, akwai wata mai sakwara da miyar shuwaka a bayan shagon walda, akwai mai kifi da sai ka ratsa tsakar gidan mutane kafin ka same ta. Duk na leƙa. A wata ranar da na ji daɗin yawon, amma ranar ko ƙamshin bai shige ni ba, agogo kawai nake dubawa.

Wani bakanike Inyamuri ya fito daga ƙarƙashin mota ya saurare ni, sannan ya yi dariya. "Hajiya, Mama plenty for here o! Wane Mama kina nema?" Na ji kamar in kwaɗa masa kular. Amma shi ne ya nuna mini gindin mangwaron da ke kusa da layin dogo, inda tsofaffin ma'aikatan masaƙa ke zama suna dara.

Na gaishe su na faɗi abin da ya kawo ni. Nan take suka bar darar suka kama gardama, wannan ya ce ta koma ƙauye, wancan ya ce ƙarya ne. Wani dattijo da bai sa baki ba ya nuna da sandarsa. "Bi bayan cocin can, gida mai shuɗiyar ƙofa. Ki yi sauri, sha biyu tukunyar ke ƙarewa."

Benci uku ne a ƙarƙashin rumfar kwano, da babbar tukunya a kan murhu. Matar da ke zubawa ba ta wuce sa'ata ba. Na san ba ita ba ce, amma na tambayi Mama.

"Mama ta rasu, damina biyu ke nan," in ji ta. "Ni 'yarta ce. Tukunyarta ce dai, amma hannuna ne."

Na zauna a benci. Na ba ta labarin Baba, na kwatanta mata shi. Ta ajiye ludayi ta ce, "Dogon nan mai zuwa da cokalinsa a aljihu? Kai! Shi da Mama kullum faɗa, wai gauta bai ji ba." Ta kankare sauran gwaten ta cika mini kula, ta yanka gauta ta ƙara a kai. Ta ce gobe Lahadi ba ta ɗora tukunya, sai jibi Litinin. Wato in wannan bai shiga ba, shi ke nan.

A keke na yanke shawarar ba zan gaya masa ba. Zan ce Mama na gaishe shi. Na yi ta maimaita ƙaryar a raina har gida.

Na zuba masa kaɗan a kwano, na koma bakin ƙofa na tsaya. Ya ɗebi cokali ɗaya ya kai baki. Ya daɗe bai haɗiye ba. Da ya haɗiye sai ya ajiye cokalin, ya dube ni.

"Yaushe ta rasu?"

Ƙaryar ta gudu ta bar ni. Na faɗa masa gaskiya, idona na kan cokalin da ke kwance a gefen kwano. 

"Allah sarki," ya ce. "Wa ya dafa wannan?"

"'Yarta."

"Ta san ni?"

"Ta ce kai ne mai zuwa da cokali a aljihu, mai faɗa a kan gauta."

Ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki cokalin. Ina ƙirgawa a zuci, biyu, uku, huɗu. A na sha ɗaya hawaye ya rufe mini ido, na daina gani.

"Gishirinta ya yi yawa," ya ce, bakinsa cike. "Jibi in kin koma, ki ce ta rage."