Igiyar da Nake Ƙulla Labari

Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Ƙarfina a tashar jiragen ruwa ya ƙare, wajen dakon buhu. Da bayana ya ƙi, na koma zaman ƙofar wani shago a unguwar Madain Fahd ta Jidda ina ba mutane labari.

Mai shagon haifaffen Jidda ne, yana ɗaukar ƙananan finafinan Hausa da waya. Shi ya ce in riƙa shirya masa labari. Tunda ban iya rubutu ba, igiya nake samu. Kowace fitowa ƙulli ɗaya. Babban ƙulli faɗa, ƙarami sulhu. In na shafa, maganar kowa ta dawo mini. Aikin da ya rage mini a duniya ke nan.

Wata rana ya nuna mini tsohon fim na Amurka, baƙi da fari, babu murya.

"Ya ammi, baffana, duba. Tun zamanin kakanninmu waɗannan a takarda suke tsara labari. Da aka fara sa murya, masu rubutun da yawa aka sallama."

"Don me kake gaya mini?"

"Hira ce kawai, wallah."

Ba hira ba ce. Mako bai cika ba ya kawo wani malamin makaranta, sabon zuwa daga Kano, da takardun labari cike da jaka.

Ranar ɗaukar fim, a wani gida a unguwar Kurayyat, ba wanda ya kira ni. Na je. Igiya na aljihu. Malam ya raba takardu. Hajiyar da ke fitowa a uwa ta juya tata sama, ta juya ƙasa.

"Esh hada, mene ne wannan? Turanci ne?"

"Hausa ce, Hajiya," in ji malam.

"Tawa Hausar a kunne take, ɗana. Da Larabci muka yi karatu."

Masu iya haɗa baƙaƙen ma, kafin su kai ƙarshen layi kowa ya gaji. Rana tana yi. Mai shago ya matso, bai yarda mun haɗa ido ba.

"Ya ammi, yalla, a taimaka."

Na ce malam ya karanta mini duka sau ɗaya. Ina ji ina ƙullawa. Labarin ba laifi, sai yawan surutu. Na zubar da rabi. Na tsaya bayan mai riƙe da waya ina ba kowa maganarsa baki da baki, har aka ce halas, an gama.

Muna tashi na ji malam yana tambayar Hajiya ko za ta iya karantawa in ya mayar da rubutun zuwa baƙaƙen Larabci. Ta ce sai ta gani.

Mai shago bai ce in tafi ba, bai kuma ce in zauna ba. Kullum da safe ina riga malam zuwa ƙofar shagon, in zauna ina kallon jakarsa in ya iso.